Minti Uku da Bindiga, Awa Biyar da Waya: Nazarin Fashin da Aka Yi wa Wani Dillalin Tumatir a Hanyar Mile 12

Mutumin da wannan nazari ya shafa kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Shi ya ce kada a faɗi sunansa, na kuma yarda. Ya haura shekara hamsin, ya yi fiye da ashirin a Legas, wadda har gobe shi Ikko yake ce mata. Dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12. Manoman Kadawa da Kura su loda kaya, mota ta biyo ta Mokwa da Jebba da Ilori da Badun, ta iso cikin dare, shi ya sayar, ya cire la'adarsa da kuɗin mota, ya aika musu da sauran. Mai karatu ya riƙe wannan tun yanzu: yawancin kuɗin da ke ratsa hannun dillali ba nasa ba ne.

Ni kuma ina da ɗan shagon kayan waya a Agege, kuma ni nake duba masa duk abin da ya shafi banki. Saboda haka ba ɗan kallo ba ne ni a wannan magana. Akwai kasona na laifi, zan zo kansa.

An tare shi a farkon 2024, cikin sanyi, lokacin da tumatirin rani yake kwararowa. Bayan ƙura ta lafa na zauna da shi sau da yawa, na zauna da yaronsa na aiki, da mai shayin da ya fara kai musu ɗauki, na kuma karɓo takardar shige da ficen kuɗi daga banki na jera lokutan. Da bindiga an karɓi naira 640,000 cikin abin da bai kai minti uku ba. Bayan masu bindigar sun tafi, ba tare da kowa ya sake nuna masa ko tsinke ba, an kwashe masa naira miliyan 2.9. Duk wanda ya zo jaje labarin bindigar yake so a ba shi. Ni na biyun ne ya hana ni barci.

Yadda hanya ta zama tarko

Kawu yana haya a wata unguwa bayan Ketu. Shekara da shekaru ɗan acaɓa ɗaya ne yake zuwa ƙofar gida da asuba ya kai shi har bakin kasuwa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba ta ƙara huɗu, ciki har da Kosofe, inda Ketu da Mile 12 suke. Aka kama babur ɗin yaron, ya tattara ya koma arewa. Ba jayayya da dokar na zo yi ba, masu ita sun ce don tsaro da rage haɗari suka kafa ta. Amma abin da ta jawo wa Kawu shi ne tafiyar ƙafa ta minti goma sha biyu daga gida zuwa titin Ikorodu, inda zai hau danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, a lokacin da ko masu keke ba su fito ba. A watan Janairu gari ba ya wayewa a Legas sai bakwai saura. Shi kuwa 5:10 yake fita don ya sami jam'in asuba a masallacin kasuwa. Kullum 5:10, kullum lungu ɗaya, kullum jaka ɗaya rataye ƙarƙashin riga. Wanda ya zauna kwana uku yana kallo ya haddace shi.

Sai maganar tsabar kuɗi. A lokacin litar dizal ta riga ta haura naira dubu, kuɗin mota daga Kano ya yi tashin gwauron zabi. Direban da ya kawo kayan ranar taransfa ta taɓa maƙale masa kwana huɗu a lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tun daga nan ya rantse sai a hannu. Daren ranar, Kawu yana zaune a teburin mai shayi na bakin lungu, direban ya kira. Kawu mutum ne mai murya, in yana waya kai ka ce da mutumin hayin titi yake magana. Ya ce: "Kwantar da hankalinka, gobe da asuba zan zo maka da cikonka a hannu, dubu ɗari shida da arba'in, ba taransfa ba."

Mu Hausawan Legas muna da wata ɗabi'a, muna ɗaukar Hausa kamar rufin asiri ce, kamar in muka juya harshe mun shiga ɗaki mun rufe ƙofa. A yankin Mile 12 wannan yaudarar kai ce. Akwai matan Yarbawa da suka shekara talatin suna sarin tumatir, da Hausa suke taya kaya, har ba'a suke mana da ita. Kuma ko babu su, wa ya ce duk wanda ke kan bencin nan waliyyi ne?

Minti ukun

Suna tafe, Kawu a gaba da carbi, yaronsa a baya riƙe da littafin lissafi da tocila. Sun iso wata kwalbati inda fitilar titi ta daɗe da mutuwa, sai babur ya biyo su, fitila a kashe, mutum uku a kai. Kawu ya ce abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne: ashe har yanzu akwai acaɓa a nan. Babur ya sha gabansu, biyu suka dire. Ɗaya ya dafa masa bakin bindiga a ƙasan haƙarƙari, ƙarama ce ƙirar gida, an naɗe mariƙinta da baƙin salatif. Ya ji sanyin ƙarfen ta cikin riga, ya ji warin wiwi. Da Turancin buroka mutumin ya yi magana, kuma bai ce kawo kuɗi ba. Cewa ya yi, Alhaji, kawo kuɗin direba.

Kawu ya saki carbi, ya buɗe tafukansa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Kafin ya motsa hannu sai da ya faɗa da baki cewa jakar tana ƙarƙashin riga, zai ciro ta. Ya ciro a hankali ya ajiye a ƙasa. Har suka tafi bai ga fuskar kowa ba. Abin da ya gani, kuma yake iya siffanta shi har yau, silifas ɗin mai bindigar ne, shuɗi, an ɗaure igiyar ƙafar hagu da waya. Suka laluba aljihunsa, suka ɗauki walat da wayoyi biyu.

Da na tambaye shi inda ya samo wannan natsuwa, ya ce ba natsuwa ba ce, gwiwoyinsa ne suka saki. Amma ya tuna maganar wani tsohon dillali da aka taɓa tarewa a hanyar Birnin Gwari, wanda yake cewa ɗan fashi ya fi ka jin tsoro, kuma mai tsoro da bindiga ba a ba shi mamaki. Akwai hankali a maganar. Dokar fashi da makami ta 1984, tun zamanin soja, kisa ta yanka wa wanda aka samu da laifin. Wanda ya san rataya ke jiransa, in ya ga ka ƙura masa ido kamar ka gane shi, ka ba shi dalilin da ba shi da shi a da. Ga bindigar ƙirar gida ba ta da tabbas, ga yaro a buge hannunsa na rawa. Hannun da ka zura aljihu ba sanarwa, shi makami yake gani. Ba ina cewa duk wanda ya miƙa wuya ya tsira ba, an kashe mutane bayan sun ba da komai. Kuma in so ake a tura ka cikin mota a tafi da kai, wannan wata magana ce daban. Amma a fashin da kaya ake nema, abin da Kawu ya yi shi ya fi kusa da kai mutum gida.

Yaron ne bai yi haka ba. Shekararsa goma sha tara, a aljihunsa akwai sabuwar waya da ya yi wata biyar yana tara kuɗinta. Da na biyun ya juyo kansa, sai ya zura da gudu. Taku uku ya yi. Mutumin ya kai masa sara da adda, yaron ya ɗaga hannu ya kare kansa, addar ta sauka daga ƙasan gwiwar hannu zuwa kusa da wuyan hannu. Wayar ma sun ɗauke ta. Babur ya tashi.

Kawu ya daɗe yana jin haushin yaron, yana cewa wayar dubu tamanin ce ta kusa cin ransa. Ni ban ga laifinsa ba. A irin wannan lokaci ƙafa ke yanke shawara kafin kai ya ji labari, sai fa wanda aka taɓa zaunarwa aka gaya masa. Kawu ya ji maganar tsohon dillali shekara goma da suka wuce, ta zauna masa. Shi kuwa yaron wata takwas yana bin sa a lungun nan cikin duhu, bai taɓa ce masa ga abin da za mu yi in an tare mu ba. Da na faɗa masa haka shiru ya yi, daga baya ya ce ai ba a yi wa kai mugun fata. To, faɗar abu ba ya kiran sa.

Hannun yaron

Mai shayin ne ya fara isowa, yana cikin hura wuta ya ji ihu. Kafin wani lokaci mutane sun taru, wani bakanike ya kawo man birki ya ce a zuba a raunin, wani ya ce toka. Mai shayin ya hana. Ya karɓi hiramin Kawu ya ninka, ya danne raunin da ƙarfinsa duka, ya sa yaron ya kwanta, aka ɗaga hannun sama. Da jini ya jiƙe hiramin bai cire ba, ya ɗora tawul ɗinsa a kai ya ci gaba da dannawa. Likitan da ya yi ɗinkin daga baya ya ce wannan dannawar ce ta riƙe yaron. Cikin mutum kusan ashirin da suka taru babu wanda ya kira 112 ko 767, lambobin neman agajin gaggawa na Legas, waɗanda kyauta ake kira. Wasu ba su san da su ba, wasu sun sani amma sun ce wa zai zo.

Wani mai keke ya kai su wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa. Ta taga aka yi musu magana: sai da takardar 'yan sanda, sai kuma an ajiye naira 50,000. Ga mutumin da aka raba da ko sisi minti ashirin da suka wuce. A nan ya kamata mutanenmu su san haƙƙinsu. Dokar da aka fi ambata ita ce ta 2017, wadda ta wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Yaronmu sara aka yi masa ba harbi ba, amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, har da tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Kawu bai san ko ɗaya ba, roƙo ya yi ta yi. Minti arba'in suka ɓata a ƙofar nan kafin mai keken ya ce su wuce asibitin gwamnati. Can aka yi ɗinki goma sha huɗu da allurar tetanus. Addar ta taɓa jijiya, yatsu biyu har yau ba sa lanƙwasuwa sosai.

Ƙarfe 6:05 aka kira ni da wayar mai shayi. Lamba biyu kacal Kawu ya haddace a duniya, tawa da ta matarsa. Na ce, "Kawu, lafiyarka ƙalau? Yaron fa?" Ban ce wayar fa ba. Na faɗa danfo daga Agege, cunkoson safiya ya riƙe mu fiye da awa ɗaya da rabi. Duk tsawon wannan lokaci wayata tana hannuna, lambobin asusun Kawu suna cikinta, kuma na san bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu. Ni mai sayar da waya ne, ina gaya wa masu saye wannan magana. Na zauna ina ta salati ina kallon agogo.

Awa biyar ɗin

Wayoyin Kawu biyu ne. Babba mai shafawa, tana da makulli, da ƙarama mai tocila wadda ba ta da komai. Layin da ke haɗe da asusun bankinsa yana cikin ƙaramar, kuma ni na ba da wannan shawara. Tunanina a lokacin shi ne ɓarawo babbar yake so, kuma ƙaramar ba ta hawa intanet balle 'yan damfara su shigo ta nan. Ban sa wa layin kansa lambar sirri ba, abin da ba ya ɗaukar minti ɗaya, wanda da an yi shi, ko an cire layin an sa a wata waya ba zai buɗe ba sai da lambar. Sannan a cikin jerin sunayen wayar akwai wani suna, "Banki", ƙarƙashinsa lamba huɗu. Kawu yana yawan manta lambar katinsa, sai ya sa wani ya ajiye masa ita a nan. Katin kuwa yana cikin walat ɗin da suka ɗauka.

Saura guda. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2018 ta tsayar da abin da za a iya turawa ta hanyar danna lambobi a waya a kan naira 100,000 a rana, sai in mai asusu ya sa hannu cewa ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Lokacin ƙarancin kuɗi na 2023, da ciniki ya koma taransfa, ni na raka Kawu banki ya sa wannan hannu aka ɗaga masa iyakar. Ranar murna muka yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Takardar banki ta nuna fitar farko da 5:52: katin waya na naira 200. Gwaji ne, a ga ko ƙofa ta buɗe. Lokacin yaron yana kwance a ƙofar asibitin farko. Minti shida bayan haka manyan suka fara fita, wasu ta danna lamba, wasu ta manhajar banki da suka buɗe a wata waya, wasu da katin a wurin masu POS da gari ya waye. Ba su yi gaggawa ba. Akwai tazarar kusan minti hamsin a tsakiya da ba a taɓa komai ba, ina jin karin kumallo suka tsaya yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na WhatsApp. Da layin a hannunsu suka buɗe nasa a wayarsu, suka shiga aika wa mutane saƙo: 'yan fashi sun tare ni da asuba, sun sari yarona, muna asibiti, don Allah a taimaka da abin da ya sawwaƙa ta wannan asusu, nawa an rufe. Duk gaskiya ce in ban da asusun. Wanda ya yi shakka ya kira wani a kasuwa, aka ce masa ƙwarai an tare Alhaji. Mutum bakwai suka tura, jimla naira 185,000, har da wata gwaggonmu da ke sayar da ƙuli-ƙuli a Kura, ta tura dubu biyar. Da zumuncinmu aka yi mana sata.

Wannan saƙo ne kuma ya farkar da ni. Wajen 10:40 matar Kawu ta kira ta ce yayanta ya ce ya tura dubu hamsin, an gani? Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. A tsaye a barandar asibiti na rufe asusun biyu, bai ɗauke ni minti biyu ba. Fitar ƙarshe 10:47 ce. Da na yi haka a 6:05, abin da zai fita bai kai rubu'in abin da ya fita ba.

Bayan mako uku wasu kamfanonin bashi na waya guda biyu suka fara kira, wai ya ci naira 70,000 a safiyar nan. Har zagi suka aika wa mutanen da ke cikin wayarsa.

Takardu

Kawu bai so zuwa wurin 'yan sanda ba. Ya ce in ka kai ƙara a Ikko kai ne za ka koma mai laifi, kuma me za su dawo da shi? Sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa ne ya raka shi washegari. An karɓi bayani, an karɓi na takarda da na mai, ba a kama kowa ba har yau. Duk da haka zuwan bai zama banza ba, don banki da kamfanin layi da masu bashin nan duk takardar 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu suka fara tambaya. Ita ta raba shi da masu bashin.

Layin ya ba mu wahalar da ba mu zata ba. Ashe ba da sunan Kawu aka yi masa rajista ba. Wani tsohon yaronsa ne ya sayo masa shekarun baya, kuma da aka zo da dokar haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, yaron ya haɗa da tasa don a huta. Yanzu ya koma Kano ya yi aure. A idon kamfani Kawu baƙo ne ga layin da ya shekara goma yana riƙe da shi. Sai da yaron ya je ofishinsu a Kano da kansa. Kwana tara. Ku duba naku, na tabbata a cikin 'yan tumatir kaɗai irin wannan ba su ƙirguwa.

Banki ya ce an rarraba kuɗin ta asusu goma sha ɗaya, yawanci an cire kafin azahar. Naira 310,000 aka iske a guda, aka daskarar. Sai da umarnin kotu kafin a saki, wata huɗu, lauya ya ci dubu sittin.

Wa ya tsegunta?

Kalmar "kuɗin direba" ta tayar da ƙura a kasuwa. Da farko matasa suka ce 'yan iskan unguwa ne, Yarbawa ne, a je a bincika. Shugabannin kasuwa suka taka musu birki da wuri, don ba su manta watan Maris na 2016 ba, lokacin da wata 'yar hatsaniya kan ɗan acaɓa ta zama rikicin da ya ci rayuka a Mile 12, har gwamnati ta rufe kasuwar. Da na nuna musu saƙon WhatsApp ɗin kuwa, sai bakin kowa ya mutu. Hausa ce tsantsa, irin wadda ba a koyonta a kasuwa, har da "Allah ya bar zumunci" a ƙarshe. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai zargi ya koma kan wani ɗan dako da aka gani a teburin shayin a daren, wanda kuma bai zo aiki ba washegari. Har an kamo shi an fara tara masa jama'a. Kawu ne ya tashi daga inda yake zaune ya shiga tsakiya. Ya ce shi da bakinsa ya yi shela a gaban mutum fiye da goma, bai ga fuskar kowa ba, kuma ba za a ɗora masa alhakin jinin wani a kan asarar da ya yi ba. Daga baya aka tabbatar yaron zazzaɓi ne ya kwantar da shi. A duk abin da Kawu ya yi a wannan lamari, har da durƙuson da ya tsirar da ransa, wannan ne na fi jinjina masa a kai. Legas gari ne da in aka yi ihun ɓarawo, taya da fetur ba sa wuyar samuwa.

Kuɗin wa ya ɓata?

A cikin miliyan 2.9 ɗin nan, na Kawu bai kai dubu ɗari huɗu ba. Sauran cinikin mota biyu ne na manoma huɗu, wanda ya kamata ya tura tun ranar Asabar, ya ce bari ya haɗa da na uku ya tura gaba ɗaya. Aka kai maganar gaban limamin kasuwa. Malam ya ce asali a fiƙihu, wanda aka ba amana ba ya biya in ta halaka ba da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba. Kuɗin direba an karɓe su da bindiga, wannan babu magana. Na asusun kuwa, ya ce, akwai abin dubawa: jinkirin turawa, da lambar sirri da aka ajiye tare da kati. Ɗaya daga cikin manoman ya ce ya yafe rabi. Wani ya ce shi bashin taki ya ci, ba shi da halin yafewa, kuma ba a ga laifinsa ba.

Kawu bai bari aka ja maganar ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ko shari'a ta wanke ni kasuwa ba za ta wanke ni ba. Dillali ba shi da jari sai sunansa." Ya ɗauki biyan duka, har da na direba. Ya sayar da filinsa na gida wanda ya saya don ya gina wa iyali, ya biya kashi biyu cikin uku, sauran aka yanka masa a kan kaka biyu. Ya mayar wa mutum bakwai ɗin nan kuɗinsu, biyar suka ƙi karɓa. Gwaggo ta karɓa, ta ce ita ba ta iya ƙarya ba.

Bayan haka

Akwai asarar da ba ta cikin takardar banki. Mako uku Kawu bai fita da asuba ba, yana cewa sanyi ne ya kama masa ƙirji. Matarsa ce ta gaya mini ba ya barci, in babur ya wuce cikin dare sai ya tashi zaune. Wata rana a kasuwa wani abokinsa ya dafa shi ta baya da wasa, ya zabura har ya ture kwando. Namijin Bahaushe mai shekara hamsin ba ya cewa tsoro nake ji, sai dai ya ce jikin ne ba daɗi. Abin da ya taimake shi, a ganina, zaman da ya riƙa yi da wasu dillalai biyu da su ma aka taɓa tarewa. Ba su kira shi magani ba, hira ce bayan la'asar, amma a nan na fara jin ya ba da labarin silifas ɗin nan yana dariya.

Yanzu ba ya fita shi kaɗai. Su biyar ne 'yan unguwar, sun yi yarjejeniya da wani mai keke yana ɗaukarsu daga ƙofar masallacin unguwa bayan an idar da asuba, ya haƙura da jam'in kasuwa. Direba ko ya karɓi taransfa, ko ya jira gari ya waye a cira masa a cikin kasuwa. Kuɗin manoma ba ya kwana biyu a wurinsa. Layin banki yana gida a kulle da lambar sirri, wanda yake yawo da shi ɗan ƙaramin asusu ne kawai a kansa. Lambobin rufe asusu na rubuta a takarda uku: ɗaya wurin matarsa, ɗaya wurina, ɗaya ya soke a cikin naɗin hularsa. Murya ce dai har yanzu muke fama, in waya ta shigo sai yaransa sun ja masa riga.

Iyayen yaron sun ce ya dawo gida, ya je ya yi wata biyu ya komo da kansa. Ba ya iya ɗaga kwando da hannun dama, don haka Kawu ya mayar da shi kan littafi da karɓar kuɗi, ya koyi rubutu da yatsu uku. Ya sake sayen waya, irin waccan sak. Biyan ƙarshe na manomin da ya ci bashin taki, naira 420,000, zai faɗo a kakar tumatir mai zuwa.